Filin Kiwon Lafiya: Launin Haƙorin Tangaran

Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To, amma wanda haƙorinsa na gaba ya karye yakan rasa wannan shimfiɗa. A da, alhaji kan dawo da haƙorin Makka domin a gani a yi masa barka. A yau kuwa magidanci a Durumi, cikin Abuja, da ya faɗi a kan babur, so yake a sa masa haƙorin da ba wanda zai gane na sawa ne. Nan ne wahalar take.

Dalili kuwa shi ne, haƙorin ɗan Adam ba fari fat ba ne. Ɓawonsa na waje haske yana ratsa shi, sa'an nan abin da ke ƙarƙashinsa, mai ɗan rawaya-rawaya, shi ke ba da launi. Saboda haka tilas tangaran ya kwaikwayi abu biyu, watau launi da ratsawar haske. In ya sami launi ya rasa hasken, sai ya fito kamar alli a tsakanin 'yan'uwansa.

Tun shekarar 1774 aka fara gwada haƙoran tangaran a Faransa. A 1956 kamfanin VITA na Jamus ya fito da ma'aunin launi, wanda likitoci ke karawa kusa da haƙori su zaɓi wanda ya dace. Tangaran kuma iri-iri ne. Wanda ake ɗora shi bisa ƙarfe yana da ƙarfi, sai dai ƙarfen na tare haske, wani lokaci ma yakan bar baƙin zare a bakin dasashi. Zakoniya ta fi ƙwari, ta dace da turame. Mai kama da gilashi kuwa ya fi barin haske ya wuce, shi ya sa akan zaɓe shi domin haƙoran gaba, muddin guntun da ke ƙasa bai yi baƙi ba.

Abin lura shi ne, tun ran gini ran zane. Da zarar an gasa tangaran, launinsa ya zauna. Maganin hasken haƙori ba ya sāke shi. Don haka mai cin goro ko shan taba ya bari a wanke masa haƙora tukuna. A zaɓi launi da hasken rana, tun bakin bai bushe ba, domin busasshen haƙori yakan ƙara fari. Mace kuma ta goge jan-baki.

Daga ƙarshe, mai neman aikin ya tabbata likitan yana da rajistar hukumar likitoci ta ƙasa, ya kuma dubi madubi sosai kafin a liƙe, gama bayan an liƙe, gyara sai da sabon kuɗi.