Kallon Hawa Muke Yi, Ba Mu San Me Muke Kallo Ba



Duk ranar Hawan Nassarawa, mu 'yan Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da Tarauni ba a barinmu a baya. Mu sha sababbin kaya, mu cika bakin titi, kowa ya ɗaga waya. To amma a tsayar da ɗaya daga cikinmu a ce ya bambance ɗan lifidi da ɗan sulke, sai a ga ya fara sosa ƙeya.

Abin da muke kira hawa ragowar rundunar yaƙi ne. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a lulluɓe doki da mahayinsa, don kibiya mai dafi ta maƙale kafin ta kai ga fata. Nauyinsa ya sa dokin lifidi ba ya sukuwa mai nisa, aikinsa shi ne ya tsaya kamar bango ya tsare sarki. Sulke kuwa ƙananan zobban ƙarfe ne aka sarƙa, saboda saran takobi. Daga baya Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya ƙaro kakaki da figini da dawakin zage, wato waɗanda ake ja ba kowa a kansu, ko da dokin sarki zai gaji ko ya ji rauni.

Hatta sunayen sarautu suna magana. Madaki shugaban mayaƙan doki ne. Shamaki shi ke kula da barga. Sarkin Dawaki Mai Tuta ga tutar nan a cikin sunansa. Tagwayen masu kuma alamar Sarkin Kano ce, ba kowa ke riƙe su ba. A da, cikin ƙurar fagen fama, da irin waɗannan alamu da kiɗan tambari mayaƙi ke gane nasa.

Ƙarshen wannan runduna bai yi daɗi ba. A watan Fabrairun 1903 Turawan Ingila suka ci Kano lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. A hanyar dawowa mahayan Kano suka yi karo da su a Kwatarkwashi, masu da takubba a gaban bindiga, aka kashe Waziri Ahmadu da jama'a da yawa. Jafin nan da muke yi wa shewa, irinsa suka yi a ranar, sai dai su wuta suka tunkara.

Wani zai ce ai wannan ba ya fitowa a WAEC. Haka ne. Amma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun da duniya ke adanawa, baƙi na zuwa da tambayoyi, kuma abin kunya ne ɗan gari ya rasa amsa. Ga shi a 'yan shekarun nan an sha soke hawan, wani lokaci saboda korona, wani lokaci saboda tsaro. Ƙannenmu na aji ɗaya akwai waɗanda a waya kawai suka san shi.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu na tarihi da na Hausa su shirya mana ziyara zuwa Gidan Makama a wannan zangon. Kuɗin mota mun yarda mu yi karo-karo. Mai sha'awa ya ba da sunansa ga sakataren ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a.