Faɗaɗa Ganɗa: Aikin Ƙuruciya Ne

Ganɗar ɗan Adam ƙashi biyu ce, dama da hagu, da suka haɗu a wata gaɓa da ta ratsa tsakiyar rufin baki. A ƙuruciya gaɓar tana da taushi. Bayan balaga sai ta riƙa ƙanƙancewa har ta haɗe. A kan wannan ne na'urar faɗaɗa muƙamuƙin sama ta dogara. Ana ɗaura ta a haƙoran taunawa, da ɗan sukuru a tsakiyarta, iyaye kuma su juya shi da ƙaramin mabuɗi sau ɗaya ko biyu a rana. Kowane juyi yana buɗa kimanin rubu'in milimita. Cikin 'yan makonni sai wushirya ta ɓullo tsakanin haƙoran gaba, shaidar cewa ƙashin ya rabu, kuma yawanci takan rufe da kanta. Daga nan a bar na'urar wata uku zuwa shida domin sabon ƙashi ya cike gurbin.

Dabarar ta daɗe. Emerson Angell na San Francisco ya bayyana ta a 1860, takwarorinsa suka yi tababa, sai a 1961 Andrew Haas ya farfaɗo da ita. Amfaninta tabbatacce shi ne ga yaron da muƙamuƙinsa na sama ya ƙuntata har haƙoran sama suna faɗawa cikin na ƙasa idan ya rufe baki.

Matsalar tana wajen manya. A kafafen sada zumunta ana tallata irin waɗannan na'urori da alkawarin gyara siffar fuska da magance ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan gaɓar ta riga ta haɗe, ƙarfin sukurun yakan koma kan haƙoran, ya tura su waje daga mazauninsu. A Maris 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan rahotannin zaizayar ƙashi da zubewar haƙora ga manyan da aka ɗaura wa wasu daga cikinsu. Baligi mai bukata ta gaskiya yana da hanyarsa, ta tiyata ko ƙananan ƙusoshi da ake kafawa a ƙashin, a hannun ƙwararre.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta ba da shawarar a fara duba yaro kafin ya wuce shekara 7. Iyayen da suka kai shi a lokacin suna iya raba shi da tiyata idan ya girma.