Ra'ayinmu: Mai keke, wane lissafi ne naka?

Duk ƙarshen shekara, masu hawan keke don wasa da motsa jiki sukan baje kolin lissafinsu: kilomita nawa suka ci daga Janairu zuwa Disamba, awa nawa suka yi a kan sirdi, tudu nawa suka haura, da kuma gudun da suka fi yi a awa guda. Yanzu ma wayar salula ke yi musu ƙidayar, ta hanyar manhajoji irin su Strava, mutum ya ɗaura wayarsa a kan keke ta riƙa auna masa tafiya. Daga nan sai kowa ya ɗaukar wa kansa alkawarin sabuwar shekara, wani ya ce kilomita 5,000 zai yi, wani ya ce 10,000. Ba mu ga laifinsu ba. Amma da yake masu karanta wannan shafi galibinsu ƴan kasuwar kan iyaka ne, waɗanda ko dai da keke suke neman abinci, ko kuma keken wani ne ke kai musu kaya rumfa, mun ga ya dace mu tambaya: a cikin duk waɗannan alƙaluma, wanne ne ya shafi mai keken da ke tsakanin Ƙonni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko Magarya da ƙauyukan da ke kewaye da ita?

A wajen ƴan tsere, lissafin nisa da gudu shi ne komai. Gasar zagayen Faransa, wadda aka fara a 1903, takan ɗauki mako uku ana cin kusan kilomita 3,500, kuma wanda ya lashe ta a zamanin nan matsakaicin gudunsa kan wuce kilomita 40 a awa. A 2024 ne ɗan ƙasar Eritiriya, Biniam Girmay, ya zama baƙin ɗan Afirka na farko da ya ci zango a wannan gasa, har ya ci uku, ya tafi gida da koriyar riga. Nan kusa da mu, Burkina Faso ta soma tata gasar zagayen ƙasa tun 1987. Akwai kuma masu neman sunan wanda ya fi kowa nisan tafiya cikin shekara ɗaya. Wani Bature ɗan Ingila, Tommy Godwin, ya ci kilomita 120,805 a 1939, wato kamar ya kewaye duniya sau uku, aka yi shekara fiye da 70 ba a kamo shi ba. Daga baya wata Ba'amurkiya, Amanda Coker, ta yi sama da kilomita 139,000 tsakanin Mayun 2016 da Mayun 2017, fiye da kilomita 380 ke nan kowace rana ta Allah. Sai dai yawancin wannan tafiya ta yi ta ne tana kewaya hanya ɗaya a cikin wani gandun shaƙatawa a jihar Fulorida, ba ta kai ko tiya ɗaya ta gero wani wuri ba.

To, a nan ne hanyarsu ta rabu da tamu. Su kilomita riba ce a wurinsu, ga mai keken kasuwa kuwa kowace kilomita kuɗi ce da ke fita: taya na cinyewa, sarƙa na saki, birki na ƙarewa, gwiwa kuma na tsufa. Wanda ya yi sawu shida ya koma gida da jika biyu bai fi wanda ya yi sawu uku ya koma da jika biyu ba, hasali ma na biyun ya fi shi, domin kekensa da jikinsa sun huta. Amma ku zauna a majalisar masu keke da yamma ku saurara, abin da ake alfahari da shi shi ne yawan sawu da nauyin lodi. Ba kasafai za ku ji wanda ya san abin da ya rage masa a ƙarshen wata ba, bayan ya cire kuɗin faci, da na tuwon rana, da abin da aka karɓe a shingayen hanya.

A ganinmu lamba ta farko da ya kamata mai keke ya riƙe ita ce ta kwanakin da kekensa ya fita aiki, da kwanakin da ya kwana jingine da bango. Kasuwannin kan iyaka na mako-mako ne: Ƙonni ranar Laraba, Maigatari ranar Alhamis, Illela ranar Lahadi. Shekara mako 52 ce. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan kasuwa biyu a mako yana da manyan ranaku 104 ke nan a shekara, sauran kwanakin ƴar tsince-tsince ce. Idan taya ta fashe masa ranar jajibiri, ba shi da kuɗin sabuwa, ba rana ɗaya ya rasa ba, rabin cinikin mako ya rasa, wani lokaci har da mai kayan da ya saba ba shi lodi, domin ɗan kasuwa ba ya jiran mai faci. A ce mutum ya rasa irin waɗannan ranaku 10 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin goma na abincin gidansa ya tafi. Wannan asara ba ta da ƙara, shi ya sa ba a jin ta. Amma duk wanda ya sami ƙaramin littafi ya riƙa jan layi duk ranar da bai fita ba, ya rubuta dalili a gefe, da boko ko da ajami, kafin damina ta zagayo zai gane ko kekensa ne ke cutarsa, ko zazzaɓi, ko zaman majalisa.

Lamba ta biyu ita ce nauyi, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin a nan ne masu kaya ke da hannu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne cif, ban da nauyin jarkokin. Fetur ya ɗan fi ruwa sauƙi, jarka guda takan kama kilo 18 zuwa 19. Buhun siminti kilo 50 ne, haka babban buhun shinkafa. Akwai wani keke da ake kira Buffalo, wanda aka ƙera musamman don ɗaukar kaya a ƙauyukan gabashi da kudancin Afirka, da ƙarfe mai kauri, amma duk da haka maƙeransa kilo 100 suka ƙayyade wa kariyarsa. To ina ga tsohon Raleigh ko Phoenix da ya ga shekaru, wanda aka yi wa walda sau biyu? Muna gani da idonmu ana ɗora wa irinsu buhu uku, mai keken ya sauka yana turawa cikin yashi, jijiyar wuyansa a miƙe. Mai kaya yana ganin ya yi dabara, ya biya kuɗin sawu ɗaya an kai masa kayan sawu biyu. Mai keke shi ma yana ganin ya ci riba saboda an ƙara masa ƴan daloli. Ranar da ƙafar baya ta lanƙwashe, ko gatarin ya karye a tsakiyar hanya, kuɗin gyaran zai cinye ƙarin da ya samu na wata guda, kuma mai kayan ba zai ba da ko tamma ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa su zauna da masu keke a tsayar da farashin dako bisa nauyi da nisa, a daina ciniki da ido. Sikeli ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu, da shi ake auna wake da barkono. Idan aka ce kilo kaza zuwa wuri kaza kuɗinsa kaza, mai keke ba shi da sauran dalilin kashe kansa da lodi, mai kaya kuma ya san abin da zai sa a kan kayansa tun kafin ya saye su.

Sai batun kuɗin da ake lissafi da shi, wanda ya fi damun mu mutanen iyaka fiye da kowa. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa, bayan da gwamnatin Najeriya ta sake ta a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dalar Amurka ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai keken da ake biya da naira, yana sayen taya da hatsi da sefa, ya ga takardun da ke aljihunsa sun ƙaru, ya ɗauka ci gaba ya samu, alhali baya ya koma. Shawararmu ita ce kowa ya zaɓi kuɗi ɗaya ya riƙa mayar da duk cinikinsa cikinsa a ranar da ya yi shi. Wanda canji ke rikita shi ya yi yadda iyayenmu ke yi, ya auna da hatsi: aikin yau tiya nawa ta gero zai saya, kuma tiya nawa irin wannan aiki ya saya bara war haka? Wannan ma'auni ɗan canji ba ya iya murɗa shi.

Game da burin shekara, abin da ya faru a ƴan shekarun nan ya isa ya nuna wa kowa inda ya kamata ya dosa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta soma buɗe su ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanya, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Cikin shekara biyar ke nan an yi kusan shekara biyu ƙofa na rufe. Mun san wasu masu keke sun sami kasuwa a lokacin ta ɓarauniyar hanya, amma mun kuma san yadda ta ƙare wa da dama daga cikinsu: an ƙwace kaya, an ƙwace keke, wasu sun faɗa hannun ƴan bindiga a dajin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara. Burin da ya fi ma'ana ga mai keke shi ne ya kai ƙarshen shekara da ajiyar da za ta riƙe gidansa wata ɗaya ko biyu in hanya ta rufe, da kuma kuɗin taya biyu da sarƙa a gefe, waɗanda ba a taɓawa don biki ko suna. Adashi na iya yin wannan aiki, in dai an sa shi don haka tun farko, ba a bari sai an kwasa a fara tunanin abin da za a yi da shi ba.

Mun san burin mafi yawan matasa shi ne su jingine keke su hau babur. Ba mu hana kowa ci gaba ba, amma a yi lissafi tukuna. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban Najeriya ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 kafin wata biyu su cika. Ƴan ruwa-ruwa da ƴan kabu-kabu na wannan ɓangaren sun ji a jikinsu, waɗanda suka ɗauki babur bashi suna biya kullum suka rasa inda za su sa kansu, mai keke kuwa ko a jikinsa, don shi kokonsa na safe ne mansa. Wanda ya riƙe littafi shekara guda zai san ko abin da yake samu zai ɗauki kuɗin mai, da bakanike, da takardu, da biyan mai babur. Wanda bai riƙe ba, caca zai yi. Mu tuna ma, a 2001 wani ministan sufuri na Najeriya, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, aka yi ta yi masa dariya, har mota ta ture shi cikin kwalbati yana kan hanyar zuwa aiki a Abuja. Tsadar mai ta zo ta yi abin da wa'azinsa ya kasa.

Wannan hatsari na minista ya kawo mu ga lambar da babu mai son ƙirgawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Mai keken kasuwa yakan fita da asuba don ya guje wa zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ya kuma dawo bayan magariba. Duka lokutan biyu direban tirela ba ya ganinsa. Fitila da ɗan ƙyalle mai ƙyalli a bayan kariya kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba, amma ku tsaya a bakin hanyar Ɗan Isa da dare ku ƙirga keke nawa ke da su.

Hukumomi su ma suna da nasu lissafin da ba su yi ba. Duwan da kwastan sun san adadin tirelolin da suka ƙetare, domin daga nan kuɗi ke shigowa. Albasa, da rake, da ƙanƙara, da itace, da kajin da ke shiga kasuwa a bayan keke kuwa ba sa cikin littafin kowa, shi ya sa idan za a gyara hanya ba a barin gefen da mai keke zai bi, idan za a gina kasuwa ba a ware masa inuwar da zai jingine kekensa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Muna ba magadan garuruwan kan iyaka shawara, maimakon jawabi da rabon riguna a wannan rana, su sa mutum biyu a kowace ƙofar kasuwa, da takarda da biro, tun daga asuba har la'asar, na tsawon kasuwa huɗu a jere, su ƙirga kekunan da suka shigo da abin da suka ɗauko. Idan sakamakon ya fito, wannan shafi a shirye yake ya buga shi.