Zancen Gida da Gona: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A wannan wata za mu yi zancen ruwan da ke ba lambunan Kano sha. Yawancinmu mukan sayi latas, da karas, da alayyafo a kasuwar Sabon Gari ko 'Yankaba, amma ba mu cika tambayar inda aka nome su ba.

Akwai manyan unguwannin masana'antu uku a Kano, watau Bompai, da Sharaɗa, da Calawa. A cikinsu akwai majemu inda ake jeme fatu da wani sinadari mai suna kuromiyam. Dattin ruwan Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Calawa, inda na unguwar Calawa ma yake zuba. Da rani kuwa, da wannan ruwa ne masu lambu da yawa suke ban ruwa, gama ba su da wani. Wanke ganye yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da sinadarin da shuka ta riga ta sha ta saiwa.

Ruwan kuma ba a Kano yake tsayawa ba. Kogin Calawa da kogin Kano su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta, da makiyaya, da masu noman shinkafa suke cin abinci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. To, mutanen can ba su naɗe hannu ba. Ƙauyuka sukan haɗu su yi gayya, su shiga ruwa da lauje da adda, su buɗe hanya. A 1987 aka fara shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru, a 2000 kuma aka sa tafkin Nguru cikin fadamun duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Ashe akwai abin koyi a nan. Kada mu ɗora laifi a kan mai lambu, shi ne ma yake tsoma ƙafarsa cikin ruwan kullum. Bayan gubar da aka jibge a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar FEPA, a 2007 kuma aka kafa NESREA. Doka ta ce kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Amma kukan mutum ɗaya ba ya zuwa ko'ina, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ga shawararmu. Masu lambu su kafa ƙungiya, kamar yadda shirin Fadama ya koya wa manoma tun 1993, su haɗa kuɗi su haƙa rijiyar burtsatse nesa da rafin. In ruwa ya sāke launi ko kifi ya mutu, a rubuta ranar, a kai wa mai unguwa da hukuma tare. Iyaye mata su tambayi mai kayan miya inda lambunsa yake. Mu malamai kuma mu hana yara wanka cikin waɗannan rafuka, mu zana musu taswirar hanyar ruwan a allo, daga Sharaɗa har Nguru, domin su san wanda yake shan abin da muka zubar.

Sai mun sadu a wata mai zuwa.