Hutu A Jirgin Ruwa: A Nemi Biza Kafin A Biya Kafin Alƙalami

A 'yan shekarun nan wani sabon salon hutu ya fara shiga zukatan masu hali daga cikin mutanenmu, wato yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa da ke zagaya biranen gaɓar teku. Duk mai leƙa Facebook ya ci karo da irin hotunan nan: ƙaton jirgi mai hawa goma sha wani abu, ga wurin ninƙaya a samansa, ga ɗakunan cin abinci birjik, sannan a ƙasan hoton an liƙa wani farashi mai kwantar da hankali. Wasu kamfanonin shirya tafiye-tafiye na ƙasar nan su ma sun shiga sahun masu tallar, har da alƙawarin cewa "komai na ciki".

Ni dai ba na cikin masu kushe wannan hutu. Jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne a tarihinmu, domin kakanninmu da suka yi aikin Hajji ta ƙasa sai da suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, haka kuma ɗalibai da ma'aikata da dama sun je Ingila daga Legas a jirgin nan mai suna Aureol kafin ya daina zirga-zirga a 1974. Bambancin kawai shi ne su sun hau ne don su isa wani wuri, na yanzu kuwa jirgin shi kansa ne wurin zuwan. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki daga Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600 ban da ma'aikata. Gari ne sukutum a kan ruwa. Ga magidancin da ke son fita da iyali har da tsofaffi, akwai sauƙi babba a ciki: sau ɗaya za a kwance kaya, a kwana a ɗaki guda, amma a wayi gari kullum a wata sabuwar tasha.

To amma fa abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda masu tallar ke tsallake batun da ya fi kowanne muhimmanci ga mai riƙe da koren fasfo, wato biza. Waɗannan tallace-tallace an tsara su ne domin Bature da Ba'amurke, waɗanda fasfonsu ke buɗe musu mafi yawan ƙofofi. Ɗan Nijeriya kuwa wajibi ne ya ɗauki jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da abin da kowace ƙasa ke buƙata daga gare shi. Kada wani ya ce ai idan aka isa ƙasa kaza ba zai sauka ba, zai yi zamansa a ɗaki. A wurare da yawa, da zarar jirgi ya shiga tashar wata ƙasa to duk wanda ke ciki ya shiga ƙasar ke nan, saboda haka tun ranar farko ma'aikata za su hana shi hawa idan takardunsa ba su cika ba. Kuma yarjejeniyar da ya amince da ita lokacin sayen tikiti ta ɗora alhakin takardu a wuyansa, wato kuɗinsa sun bi ruwa.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata mai karatu ya lura da shi sosai. A ɗauka mutum ya samu bizar ƙasashen Turai ta Shengen mai izinin shiga sau ɗaya, ya hau jirgi a Italiya ko Girka, jirgin ya ratsa ta Turkiyya ko Tunisiya sannan ya dawo. Fitar nan da ya yi ta cinye bizarsa, dawowar kuma shiga ce ta biyu. Ke nan abin da yake buƙata tun farko shi ne biza mai izinin shiga sau da yawa, ga kuma ta ita ƙasar da aka ratsa idan tana nema. Batun Amurka ya ma fi haka sarƙaƙiya, domin a watan Yulin 2025 ta mayar da akasarin bizar ziyara da take ba 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, alhali jiragen da ke tashi daga Miami zuwa tsibiran Karibiyan fita suke yi su dawo. Don haka a ganina duk wanda ya biya kafin alƙalami kafin ya san matsayin bizarsa ya ɗora keke a gaban doki, ko in ce ya sayi kifi a ruwa. A haɗa da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin allurar rigakafin shawara, wanda ƙasashe da dama ke tambayar duk wanda ya fito daga yankinmu.

Sai kuma maganar "komai na ciki". Abin da ke ciki galibi shi ne ɗaki, da abinci a manyan ɗakunan cin abinci, da wasannin nishaɗi. Sauran duk da kuɗinsu. Manyan kamfanonin Amurka suna ɗora wa kowane fasinja tukwicin ma'aikata na dala 16 zuwa 20 a kowace rana, kuma kai tsaye ake rubuta shi a asusun ɗaki. Magidanci mai mutum huɗu da zai yi kwana bakwai, in an yi lissafi a kan dala 18, zai biya dala 504 na tukwici kaɗai, tun bai sha lemon kwalba ko ɗaya ba. Intanet sayensa ake yi. Yawon da jirgi ke shiryawa a kowace tasha shi ma haka. Wayar hannu kuwa idan aka bar ta a buɗe a tsakiyar teku, ta tauraron ɗan'adam take kama layi, kuma kuɗin da za a caje mutum sai ya riƙe baki. Ba na ƙyashin tukwicin nan, domin waɗanda ke gyara ɗakuna da ɗaukar faranti, akasarinsu 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya, sukan yi watanni ba su ga iyalansu ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye wa mutum lissafin sai ya yi nisa da gida. Kuma tun da ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgi, a tabbata katin banki yana aiki a ƙasashen waje, ko a tafi da dalar da za a ajiye a teburin karɓar baƙi.

Wani abin da sabon shiga ba ya sani shi ne jirgi ba ya jiran kowa. Ana sanar da lokacin da kowa zai dawo, yawanci rabin sa'a kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki ko da ya saɓa da na gari. Wanda ya bi yawon da jirgin ya shirya, in motarsu ta makara za a jira su. Wanda ya ɗauki tasi da kansa ya shige kasuwa yana taya jaka, sai dai ya dawo ya hango jirgi ya yi nisa, ya nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Sannan a riƙa duba taswira, domin sunan da ke cikin talla ba kullum ne inda jirgi ke tsayawa ba. Idan an rubuta Rum, a Civitavecchia ake sauka, kusan kilomita 80 daga birnin. Wanda burinsa ya san gari ciki da bai, sa'o'i bakwai ko takwas ba za su ishe shi ba, gara ya kama otal.

Haka nan kamfani na da ikon sauya hanya ko soke wata tasha ba tare da ya biya diyyar a-zo-a-gani ba. Bayan da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari a ƙarshen 2023, kamfanoni da dama sun soke tafiye-tafiyensu ta Bahar Maliya a 2024. A yankin Karibiyan kuma lokacin guguwa daga watan Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, abin da ya sa tikiti ke sauƙi a wasu daga cikin waɗannan watanni. Kamfanin ma kansa yana iya durƙushewa. A watan Janairun 2022 jirgin Crystal Symphony ya karkata zuwa Bahamas maimakon ya koma Miami, saboda wata kotun Amurka ta ba da umarnin a kama shi kan bashin kuɗin mai, kuma waɗanda suka riga suka biya kuɗin tafiye-tafiyen gaba sun sha jira. Wannan ne ya sa nake ganin inshorar tafiya ba almubazzaranci ba ce, musamman wadda ta ƙunshi magani da ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti a tudu. Likitan jirgi kuɗi yake karɓa, kuma da dala.

Game da lafiya da tsaro, ba sai an tsoratar da kowa ba, amma abubuwa biyu sun isa darasi. A watan Fabrairun 2020 an killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta ƙasar Japan da mutum fiye da 3,700 a ciki, sama da 700 suka kamu da korona, abin da ya nuna yadda cuta ke gudu a inda dubban mutane ke cin abinci wuri guda. Kafin nan, ranar 13 ga Janairun 2012, jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasa rayukansu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a wannan rana ba a riga an yi musu atisayen ceto ba. Bayan haka ne aka gyara doka, ya zama dole a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Idan aka kira wannan atisaye a je, a kai yara, kowa ya san inda rigar cetonsa take da wurin da zai taru da sauran jama'a in ta ɓaci, Allah Ya kiyaye.

Wani hanzari ba gudu ba, akasarin waɗannan jirage akwai mashaya da gidan caca a cikinsu, kuma shigar mutane a bakin wurin ninƙaya ba irin wadda muka saba gani ba ce. Mai tafiya da iyali ya san da haka tun daga gida. Abincin halal kan samu a wasu kamfanoni idan an nema a rubuce makonni kafin tafiya, in ba haka ba sai a jingina da kifi da ganye. Saudiyya ta hango wannan giɓi, shi ya sa a watan Disamban 2024 ta ƙaddamar da jirgin AROYA daga Jidda, wanda aka tsara shi daidai da al'adun Larabawa da Musulmi, da abincin halal da wuraren salla.

Ga wanda zai fara, shawarata ita ce ya gwada gajeriyar tafiya ta kwana uku ko huɗu, ya ga yadda jikinsa zai karɓi teku. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Mafi yawan kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da ta kai mako 24, ko jaririn da bai cika wata shida ba. Kuma tun da sai an hau jirgin sama kafin a kai ga tashar, a isa garin kwana guda kafin ranar tashi, a kwana a otal, domin idan jirgin sama daga Kano ko Abuja ya yi jinkirin sa'o'i biyar kacal, na ruwa ya riga ya ɗaga anga.