Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Ɗauko Labarin Kudancin Kaduna

Zuwa ga wakilan kafafen yaɗa labarai da ke aiki tsakanin Kafanchan, Zonkwa, Kagoro da Kachia, da editocin da ke karɓar rahotanninsu a Kaduna, Abuja da Legas.

Da wuya a sami gidan talabijin a ƙasar nan da ba shi da filin sharhin jaridu da safe. A ɗaga shafin farko a gaban kyamara, a karanta kanun labarai, baƙi biyu su yi ta ja-in-ja kan gwamna ko jam'iyya. Abin da ba a taɓawa shi ne yadda aka samo labarin. Shawarata gare ku ita ce ku buɗe fili na mako-mako, da Hausa, wanda zai ɗauki rahoto guda da aka riga aka watsa ya bi sawunsa har tushe. Tashar ABC ta Ostireliya tana da Media Watch tun 1989, Al Jazeera kuma tana da The Listening Post tun 2006. Ba don kwaikwayo na ambace su ba. Yankin nan ya fi su buƙatar irin wannan shiri, domin a nan kuskuren labari da rayuka ake biyansa.

A watan Maris na 1987 rikici ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a kan wani wa'azi, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Masu nazarin wannan tarzoma sun ɗora wani kaso na alhakin bazuwarta kan rahotannin da Rediyon Tarayya na Kaduna ya riƙa maimaitawa. A Nuwamba 2002 maƙala ɗaya a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ta zama sanadin mutuwar mutum fiye da 200 a Kaduna. Waɗannan kowa ya san su. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin sakaci na yau da kullum, musamman wajen ƙirga mamata. A ƙarshen 2016 Cocin Katolika shiyyar Kafanchan ya ce an kashe mutum 808 a ƙauyuka 53, hukumar NEMA kuma a Janairu 2017 ta ce 204. A Fabrairu 2019, ana jajibirin zaɓe, Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar da kashe mutum 66 a Kajuru, daga baya ya ce sun kai 130, wasu kuma suka musanta. A duka biyun, yawancin jaridu sun buga adadin kowane ɓangare suka wuce, mai karatu ya zaɓi wanda ya dace da addininsa ko ƙabilarsa.

Nan ne aikin filin da nake magana yake. A saka rahoton a allo kamar yadda ya fita, a gayyato wanda ya rubuta shi, a yi masa tambayoyin da edita ya kamata ya yi tun farko. Ganau kake ko jiyau? Ka taka ƙauyen, ko ta waya aka ba ka? Adadin nan daga wane wata zuwa wane wata ne, ƙananan hukumomi nawa ya haɗa? Akwai jerin sunaye a hannun mai unguwa, ko fasto, ko liman, ko arɗo? Gawa nawa aka kai asibitin Yakowa da ke Kafanchan, nawa aka binne a daji ba a rubuta ba? Hoton da ka ɗora, na ranar ne ko tsoho ne daga wata ƙasa? Ba sai mai gabatarwa ya yanke hukuncin wa ke da gaskiya tsakanin manomi da makiyayi ba. Ya isa ya nuna wa jama'a inda ɗinkin labarin yake da ƙarfi da inda ya warware.

Na san abin da za ku ce, kuma maganar tana da nauyi: tona asirin ɗan jarida a bainar jama'a miƙa wa hukuma bulala ne. Ɗan jarida Luka Binniyat ya shafe watanni a gidan yari a 2017 saboda rahotonsa da jaridar Vanguard ta buga cewa an kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, aka sake kama shi a Nuwamba 2021 kan wani rahoto game da kisan da aka yi a ƙauyen Madamai. Wanda ya ga haka, dole ya yi kaffa-kaffa. Amma a duba labarin Gidan Waya da kyau. Kwalejin ta ƙaryata, Audu Maikori da ya yaɗa shi a Twitter ya fito ya nemi gafara, ya ce direbansa ne ya yaudare shi, duk da haka aka kama shi, har kotu ta ce an tauye masa haƙƙi. Da akwai dandalin da sana'ar ke gyara kanta a fili cikin mako guda, da hujjar masu kamu ta yi rauni ƙwarai. Sa'annan filin ba zai tsaya kan wakili shi kaɗai ba. Sanarwar gwamnati, da ta 'yan sanda, da ta ƙungiyar SOKAPU, da ta ƙungiyar Miyetti Allah, duk ma'auni ɗaya za a ɗora su.

Ƙorafi na biyu shi ne mai gida. Tashar gwamnatin jiha ba za ta binciki gwamna ba, tasha mai zaman kanta kuma tana tsoron mai talla, ga kunyar abokin aiki da kuka karɓi na goro tare a wurin taro. Haka ne, ko CNN ta soke shirinta na Reliable Sources a 2022 bayan shekara 30. Saboda haka kada filin ya zama mallakar tasha guda. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ reshen jiha da sashen koyar da aikin jarida na jami'ar ABU ko na KASU za su iya ɗaukar nauyin binciken, kowace tashar da ke son watsawa ta amince a rubuce cewa rahotanninta ma za su shiga layi. Ku guji tsarin nan na a zaunar da Musulmi ɗaya da Kirista ɗaya su yi ta musu a kira shi adalci. Takarda da shaida ake so a kan tebur.

Talabijin ba ta kai wa kowa a Godogodo ko Goska, don haka a riƙa maimaita sautin a rediyo, a yanka shi gajeru don WhatsApp, inda jita-jitar ke fara yawo. Ga wanda ke neman abin da zai buɗe shirin da shi, tazarar da ke tsakanin 808 da 204 tana nan, ta kai mutum 604, kuma a ƙauyukan akwai waɗanda suka yi jana'izar, za su iya faɗin sunaye.

Ku huta lafiya.