Renon Ƙwayoyin Halitta a Kwalba: Ina Rabon Akuyar Batsari?

A hutun da ya wuce na koma gida, na tarar da wata gwaggota a ƙauyenmu na ƙasar Batsari tana jimamin awakinta. Bakwai gare ta, biyar suka mutu cikin mako biyu. Duk hanya ɗaya suka bi: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, sai zawo. Da waɗannan awaki ta yi niyyar yi wa autarta kayan ɗaki. A daren nan wani ƙanena ya nuna mini hoton naman da aka ce Turawa sun rena a ɗakin gwaje-gwaje ba tare da an yanka dabba ba, yana ta al'ajabi. Abubuwan nan biyu su suka sa na ɗauki alƙalami, domin kuwa ilmi ɗaya ne ya haifi naman nan da kuma allurar da za ta ceci awakin gwaggo da ta iso gare su.

Bari in fara da bayyana abin da ake nufi da renon ƙwayoyin halitta. Jikin mutum da na dabba an gina shi ne da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana sun gano cewa in aka ɗebi kaɗan daga cikinsu, aka zuba a kwalba mai tsabta tare da ruwan abinci mai gishiri da sukari, aka ajiye a ɗumi irin na jiki, za su rayu har su yi ta ninkuwa. Wani Ba'amurke mai suna Ross Harrison shi ya fara nuna haka a 1907 da jijiyar ɗan kwaɗo. A 1949 John Enders da abokan aikinsa biyu suka rena ƙwayar cutar shan inna a cikin irin waɗannan ƙwayoyi, abin da ya buɗe ƙofar yin allurarta. Daga nan sai aka zarce zuwa ƙera sassan jiki: a farkon shekarun 1980 aka fara rena fata a Boston ana lulluɓe wa waɗanda wuta ta ƙona, a 2013 kuma aka ɗanɗana naman sa na kwalba a bainar jama'a a Landan.

Duk wannan abin yabo ne. Amma fa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Mu mutanen Batsari da Safana, mazauna bakin dajin Rugu, mun daɗe da cin moriyar wannan ilmi ba mu sani ba, kuma ta kan shanu muka ci ta.

Duk wanda ya tashi cikin makiyaya ya ji labarin bushiya. Ita ce annobar da ta ratsa ƙasar Hausa wajen 1890 ta share garkuna, har aka ce mutane sun yi mata laƙabi da Sannu saboda yawan jajen da ake yi wa juna. Yaƙi da ita na cikin manyan dalilan da suka sa aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya yi aiki a can Vom ɗin kafin ya koma Muguga ta ƙasar Kenya a 1956. A Muguga ne ya ɗauki ƙwayar bushiya ya sa ta cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi da ya rena a kwalba. In ta hayayyafa sai ya ɗebi kaɗan ya mayar cikin sabuwar kwalba, haka-haka har wajen sau 90. Da ta saba da zaman kwalba sai ƙarfinta ya karye, watau ba ta iya kashe saniya, amma jikin saniya yana gane ta ya shirya mata. Allura ɗaya tak kan tsare saniya har ƙarshen ranta, ga ta da araha.

A 1962 aka fara gagarumin gangamin allura a ƙasashen da ke kewaye da tafkin Chadi, watau Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka har 1976. Kakana ya sha ba mu labarin yadda ake tara shanu a yi musu allura a huda kunnensu don shaida, da yadda wasu ke ɓoye rabin garke a daji don tsoron kada ƙidayar ta koma hannun masu karɓar jangali. Da aka ga cutar ta lafa sai aka yi sakaci. A 1983 ta dawo Nijeriya da ƙarfinta, mahaifina ya ga gawarwakin shanu da idonsa a hanyar Runka. Sai da aka sake sabon gangami daga 1986. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa ƙaf.

To, alamomin da na gani a awakin gwaggo irin na ƙanwar bushiya ne, wadda likitoci ke kira PPR, mai kama awaki da tumaki. An fara bayyana ta a Kwaddibuwa a 1942. Abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani shi ne, allurar da aka fi amfani da ita a kan wannan cuta daga Nijeriya asalinta yake. An samo ƙwayar cutar a nan ƙasar a 1975, shi ya sa ake kiranta Nijeriya 75/1. Wani masani mai suna Adama Diallo da abokan aikinsa suka karya ƙarfinta a cikin ƙwayoyin ƙodar biri da ake renawa a kwalba, suka bayyana sakamakon a 1989. Ana yin wannan allura a Vom, kuma tana tsare akuya aƙalla shekara uku. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Abijan suka ɗauki alkawarin kawar da cutar kafin ƙarshen 2030. Ilmi ya yi nasa aikin. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin kwalbar Vom da turken akuya a ƙauyen Safana.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, mutanen da ba su iya kwana a gidajensu saboda ɓarayin daji, wa zai yi musu zancen allurar awaki? Wane malamin dabbobi ne zai ɗauki ransa ya shiga Rugu? Wannan magana tana da nauyi, ni ma 'yan'uwana sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, tun da satar shanu ta cinye manyan garkuna, akuya da tunkiya su ne dukiyar da ta rage a hannun talaka, musamman mata. Da su ake sayen magani, da su ake suna da biki, su kuma ake iya korawa a gudu da su. Na biyu, bushiya ma a wuraren yaƙi ta yi maɓoyarta ta ƙarshe, a kudancin Sudan da ƙasar Afar ta Habasha. Abin da ya ci ta a can shi ne, wajen 1990 masana suka gyara allurar Plowright ta yadda za ta yi wata guda ba firji, sa'an nan aka koya wa makiyaya da kansu yin ta. Su suka ɗauke ta a ƙafa suka kai inda motar gwamnati ba ta zuwa.

Ra'ayina ke nan. Ya kamata hukumomin jihar Katsina da ƙananan hukumomin Batsari da Safana su zaɓi samari da mata daga kowace gunduma, waɗanda jama'arsu ta yarda da su, a koya musu yin allurar, a biya su bisa yawan dabbobin da suka yi wa. A riƙa yin aikin kowace shekara, domin awaki na haihuwa da sauri, kuma 'ya'yan da ba a yi wa ba su ne cutar ke kamawa ta sake tashi. A kuma nisanta aikin daga duk wani abu mai kama da ƙidaya ko haraji, kada a maimaita tsoron jangali. Kafin a soki akuya ɗaya, a zauna da masu ita a gaya musu yadda aka yi allurar da abin da ke cikinta. Mun ga abin da rashin bayani ya jawo a 2003, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta sake yaɗuwa har ƙetare.

Gwaggo ta ce in damina ta yi kyau za ta sayi awaki biyu ta haɗa da biyun da suka rage. Ina fata kafin su haihu a ce mai allura ya iso ƙofar gidanta.